Ƙwayar cire ƙarfe daga hanta: yadda muka same ta a gidanmu

Sunan maganin deferasiroks, amma a manyan kantunan magani an fi saurin ganewa idan ka ce Exjade, don da wannan sunan ya fara fitowa lokacin da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2005. Wanda muke saya ba shi ba ne, na wani kamfanin Indiya ne mai ɗan rangwamen kuɗi, sinadarin dai ɗaya ne. Fararen ƙwayoyi ne masu faɗi a jere cikin kati, akwai mai miligiram 125, da 250, da 500. Ba a haɗiye su, ba a tauna su, narkar da su ake yi a ruwa a sha. Aikinsu shi ne su kamo sinadarin ƙarfen da ya taru a jiki, musamman a hanta, su fitar da shi ta bayan gida.

Tun daga nan bari in faɗi matsayata. Maganin yana aiki, na ga hakan a takardun gwajin ɗana. Yana da tsada ƙwarai. Kuma ba irin maganin da uwa za ta ji labarinsa ta aika a sayo mata ba ne, domin duk wanda ya sha shi ba tare da gwajin ƙoda da na hanta ba, ya sa kansa a haɗari.

Ni malamar ilimin halittu ce a makarantar 'yan mata, muna zaune a wani ƙauye a ƙasar Garun Malam ta jihar Kano, yankin noman rani na Kadawa. Ɗana na biyu yana da sikila. Yana shekara shida ya samu shanyewar ɓarin jiki, Allah ya taimake mu ya miƙe, sai dai har yau yana ɗan jan ƙafar hagu idan ya gaji. Don kada abin ya dawo, likitocinsa a birni suka sa shi a tsarin ƙarin jini akai-akai. Jinin nan shi ya tsare mana shi da ikon Allah, ba ni da abin cewa a kansa sai godiya ga duk wanda ya taɓa kwanciya aka ɗebi nasa. To amma kowace leda da abin da take bari a jiki.

Jikin babban mutum yana ɗauke da ƙarfe giram 3 zuwa 4, mafi yawansa a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Abin da ke fita a rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba, ta fatar da ke saɓulewa da bangon hanji da ke sabuntuwa, mata kuma ta jinin al'ada. Ban da wannan, jiki ba shi da wata hanyar zubar da rarar ƙarfe. Ƙoda ba ta tace shi, gumi ba ya kwashe shi. Ledar jini ɗaya kuwa tana ɗauke da miligiram 200 zuwa 250. Sai ka lissafa wa yaron da ake ƙara wa jini kusan kowane wata. Shi ya sa likitoci suke fara duba lamarin bayan an yi ƙari kamar sau 10 zuwa 20, ko kuma idan gwajin da ake kira feritin, mai nuna yawan ƙarfen da jiki ya adana, ya haura 1,000 ya zauna a can. Na ɗana ya haura 2,000 lokacin da aka rubuta mana wannan magani, alhali yaro yana wasansa, yana cin tuwonsa, babu abin da ke masa ciwo a ciki.

Wannan rashin alama shi ya fi tayar mini da hankali, shi ya sa na zauna na karanta yadda abin yake, na kuma dami likitan da tambayoyi.

Tunda jiki ba ya iya fitar da ƙarfe, sai Allah ya sa tsaron a wurin shiga, hanta ce kuma mai ba da umarni. A cikinta akwai ƙananan hanyoyin jini, ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangonsu su ne ke jin ƙarfe ya yi yawa. Da sun ji, sai su saki wani sinadarin saƙo mai suna BMP6. Shi kuma ya je ya manne a bayan ainihin ƙwayoyin hanta, daga nan wasu furotin da ake kira SMAD su karɓi saƙon su kai shi can tsakiyar ƙwayar inda kundin gadon halitta yake, wato DNA, a ba da izinin ƙera wani sinadari mai suna hefsidin. Ba a daɗe da sanin hefsidin ba, a 2000 da 2001 aka gano shi, rawar BMP6 kuwa sai a 2009 ta fito fili. Hefsidin yana bin jini ya je ya tarar da ferofotin, wato kafa ɗaya tilo da aka sani wadda ƙarfe ke bi ya fita daga ƙwayar halitta ya shiga jini. Akwai ta a bangon hanji, akwai ta a ƙwayoyin da ke cinye tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini. Da hefsidin ya kama ta, sai a janye ta ciki a rushe ta. Ƙarfen abinci ya tsaya a bangon hanji, daga baya ya bi bayan gida.

Duk wanda ya taɓa ban ruwa a Kadawa ya san wannan tsarin. Ruwan Tiga yana biyo babbar kwata, idan gona ta ƙoshi sai a rufe ƙofar da ke shigo da shi. To ƙarin jini ba ta ƙofar yake bi ba, ruwan sama ne da ke zuba kai tsaye a gonar da ta riga ta cika. Hanta za ta yi ta aika hefsidin, hanji ya rufe ruf, ƙarfe kuma yana ta shigowa ta jijiyar hannu.

A jikin mai sikila ma saƙonnin karo suke yi da juna. Ɓargo yana ganin jini ya yi ƙasa, sai ya saki nasa sinadarin, eritiroferon, wanda aka gano a 2014, shi kuma aikinsa ya tare BMP6 don hefsidin ya ragu, a buɗe hanya. A gefe guda, kumburi da zazzaɓin da ba sa rabuwa da masu sikila suna tura wani saƙon ta wata hanyar daban, suna cewa a ƙara hefsidin. Hanta tana tsakiya tana karɓar umarni biyu masu saɓani.

Inda ɓarnar take shi ne bayan nan. Jajayen ƙwayoyin da aka ƙara suna tsufa su mutu kamar kowanne, saifa da wasu ƙwayoyin share-share da ke cikin hanta su cinye su, su adana ƙarfen cikin feritin. A jini kuma akwai tiransferin, furotin da ke ɗaukar ƙarfe a rufe ya kai inda ake buƙata. Muddin ƙarfe yana hannun waɗannan biyun, ba ya cutarwa. Idan suka cika, sai a samu ƙarfen da ke yawo sakaka, ƙwayoyin hanta kuma su riƙa zuƙe shi ta wata kafa mai suna ZIP14, wadda ba ta rufewa don an ƙoshi. Sakakken ƙarfe yana haɗuwa da sinadaran iskar oksijin da ƙwayar ke samarwa a aikinta na kullum, ya haifar da wasu 'yan mitsi-mitsin sinadarai masu ƙuna. Su ne ke lalata kitsen da aka gina bangon ƙwayar da shi, su raunana sassan da ke samar mata da kuzari, su taɓa kundin gado. Ƙwayar tana da nata kariyar, akwai wani furotin, Nrf2, da ke tayar da sinadaran kashe wannan ƙunar, amma idan abin ya daɗe sai ya fi ƙarfinsa. Har suna aka sa wa irin mutuwar da ƙarfe ke jawo wa ƙwayar halitta a 2012, ferotosis.

Ƙwayoyin da suka ji rauni ba sa yin shiru. Su da ƙwayoyin share-sharen nan suna sakin saƙon neman gyara, babba a ciki shi ne TGF-beta. Akwai wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro a hanta, waɗanda a zaman lafiya ajiyar bitamin A kawai suke yi. Da saƙon ya iso musu sai su farka su kama saƙa zaren tabo. Ga ciwon da zai zo ya wuce, wannan gyara ne mai kyau. Amma ƙarfe bai tafi ba, don haka saƙon ba ya tsayawa, tabo yana hawa kan tabo shekara da shekaru har hanta ta ƙanƙance ta taurare, daga nan kuma ƙofar ciwon dajin hanta ta buɗe. Duk wannan yana iya tafiya ba ciwon ciki, ba shawara, wani lokaci ma gwajin hanta na yau da kullum ya nuna kusan lafiya. Ƙarfen yana iya kaiwa ga zuciya da gaɓar da ke daidaita sukari a jini da sassan da ke kula da balaga, amma a masu sikila hanta ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin.

Deferasiroks yana shiga jini ya kama sakakken ƙarfen nan, ƙwayar sinadarin biyu suna riƙe ƙwayar ƙarfe ɗaya, hanta ta zuba su cikin ruwan matsarmama, su bi hanji su fita. Yana daɗewa a jini, shi ya sa sau ɗaya ake sha a rana.

Ga yadda safiyarmu take. Bayan sallar asuba nake zuba ruwa kamar rabin kofin gilashi, in ɓallo ƙwayar daga kati in jefa, in yi ta juyawa da cokali. Ba ta narkewa ta ɓace, fashewa take yi ruwan ya yi fari, garin yana yawo a ciki. Dole a sha nan take kafin ya kwanta. Bayan ya shanye akwai farin gari da ke maƙalewa a gindin kofi da gefensa, sai in ƙara ruwa kaɗan in girgiza ya sake sha, domin wannan ragowar ma magani ne, kuma kuɗi ne. Ba shi da ɗaci sosai, amma garin yana kama maƙogwaro, yaron yakan runtse ido ya haɗiye. Ranar da aka samu lemon zaƙi nakan matse masa a narkar a ciki, takardar maganin ta yarda da ruwa ko ruwan lemo ko na tuffa. Ban da madara, ban da lemon kwalba, ni kuma ban taɓa gwada shi a kunu ko koko ba tunda ba a ce ba.

Sai jiran rabin awa kafin a ci komai, don da cikin wofi ake shan sa. Wannan rabin awar ita ce wahalar. 'Yan'uwansa suna shan koko, ƙamshin ƙosan maƙwabciyarmu yana shigowa ta katanga, shi kuma yana zaune a bakin ƙofa da kofinsa yana kallon wayata. "Umma, ya yi?" In ce saura kaɗan. Yanzu na koma tashinsa kafin sauran, don lokacin da za a zuba kokon nasa jiran ya cika.

Likita ne ke yanke yawan da za a sha bisa nauyin yaro, yawanci ana farawa da miligiram 20 a kowane kilo, a ƙara ko a rage gwargwadon gwaji. Ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba.

A makonnin farko ya yi ciwon ciki da tashin zuciya, bayan gidansa ya yi ruwa-ruwa, wasu ƙananan ƙuraje suka feso masa a ƙirji. Na kira likitan, ya tambaye ni ko akwai zazzaɓi, ko yana shan ruwa, ko fitsarinsa ya ragu. Daga baya duk suka lafa. Amma gargaɗin da ya yi mini tun ranar farko shi nake so kowace uwa ta riƙe. Ya ce: "Malama, duk ranar da ya kama amai ko zawo mai yawa ko zazzaɓi, ki dakatar da maganin ki neme mu. Jikin da ruwa ya ƙare masa, wannan maganin yana iya taɓa masa ƙoda." A bazararmu ta nan, da yaro ke dawowa daga makaranta leɓe a bushe, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kullum da gorar ruwa a jakarsa. Ya kuma hana mu haɗa shi da farin maganin ƙwannafi mai ruwa, irin mai sinadarin alminiyam, don yana hana shi shiga jiki yadda ya kamata.

Kuɗin ƙwayar rabin lissafi ne. Kowane wata akwai gwajin ƙoda, da na hanta, da feritin, sau ɗaya a shekara kuma a duba ji da gani. Babu ko ɗaya da ake yi a ƙauyenmu, sai mun hau babur zuwa bakin titin Zariya mun shiga motar birni. Feritin ɗin ma sai an iya karanta shi. Akwai watan da ya yi tsalle sama bayan yana ta sauka, na dawo gida jikina a sanyaye. A zuwa na gaba likitan ya tuna mini cewa yaron ya yi zazzaɓin cizon sauro kafin gwajin, feritin kuwa yana hawa da kowane irin kumburi ko cuta, ko da ƙarfe bai ƙaru ba. Don haka ba a yanke hukunci da takarda ɗaya, jerin watanni ake dubawa. Gwajin da ya fi nuna ainihin ƙarfen hanta hoton MRI ne na musamman, shi kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Namu dai a hankali yake sauka, ba a yi gaggawa ba, tunda ana cirewa ne ana kuma ƙara jini.

Samun maganin ma aiki ne. Babu shi a kemis ɗin ƙauye, ko a birni sai manyan kantuna, wani lokaci ka je a ce ya ƙare sai an yi oda. Farashinsa yana bin dala. Akuyata biyu sun tafi a kansa, kuma tun kafin a yanke shinkafa maigida yake ware buhunan da ya san na magani ne. Duk kwalin da zan saya sai na duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, in karɓi rasit. A gida kuma ba na ajiye shi a ɗakin kwano saboda zafi, yana ɗakin ƙasa cikin kwalinsa, nesa da randa don danshi.

Da na ji sauran zaɓin sai na ƙara ganin darajarsa. Tsohon maganin, deferoksamin, allura ce da ake saƙalawa ƙarƙashin fata da ɗan inji, tana tafiya awa 8 zuwa 12, kusan kowane dare. Ina mu ina wannan a garin da wuta sai ta ga dama? Akwai deferifuron, ana sha sau uku a rana, amma yana iya karya fararen ƙwayoyin jini, sai an riƙa gwaji kusan kowane mako. Shi kansa deferasiroks an fito da sabon samfurinsa a 2015, ƙwaya mai rufi da ake haɗiyewa, ana iya sha da ɗan abinci mara nauyi. Ƙarfinsa ya sha bamban, 90 da 180 da 360 ne, don haka ba a musanya ɗaya da ɗaya da ka, sai likita ya sake lissafi.

Akwai abin da ya fi ƙona mini rai a duk wannan tafiyar. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da kwalbar tonik a kan tabarmar surukata, irin jan nan mai zaƙi da ake kira maganin ƙarin jini. Ta ga idon jikanta ya yi fari, ta je wurin wani mai kemis, ya miƙo mata ba tare da ya tambayi ko wane irin yaro ne ba. Allah ya sa ba a buɗe ba. Na durƙusa na ce: "Inna, wannan ƙarfe ne a ciki, shi muke sayen magani muna cirewa." Ta ce: "Ke 'yar nan, yaro ba jini a ce kada a ba shi maganin jini?" Tambayarta tana kan hanya, kuma ƙauna ce ta kai ta. Na yi mata bayani cewa jinin mai sikila ba rashin ƙarfe ne ke rage shi ba, ƙwayoyin ne ke fashewa da wuri, ƙarfensu kuma yana nan a jiki bai tafi ko'ina ba. Abin da asibiti ke ba su folik asid ne. Ta yi shiru, ta ce to a kai wa matar ƙanin maigida mai juna biyu, in ungozomar asibiti ta yarda.

Nan kuwa Inna ta yi daidai, kuma ba na so wani ya karanta wannan ya tsorata da maganin ƙarfe gaba ɗaya. A ƙauyukanmu ƙarancin ƙarfe ya fi yawansa yawa nesa ba kusa ba. Mai ciki da aka ba jajayen ƙwayoyin maganin ƙarfe a awo ta sha abinta, yaron da gwaji ya nuna yana da ƙaranci a ba shi. Ko mai sikilar da ba a yawan ƙara masa jini yana iya samun ƙarancin, gwaji ne ke rabewa. Laifin mai kemis ɗin shi ne bai tambaya ba. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita a shekara, ya kamata duk mai sayar da tonik ya iya cewa "yaron yana da sikila? ana ƙara masa jini?" kafin ya karɓi kuɗi.

Hantar da ƙarfe ya riga ya takura ba ta buƙatar ƙarin kaya. An yi wa ɗana gwajin ciwon hanta nau'in B da C, an tabbatar ya samu rigakafin B. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna ba ta shiga tukunyata, saboda gubar afalatoksin da ke cikinta hanta take nufa. Jiƙe-jiƙen da masu zuwa dubiya ke kawowa nakan karɓa in yi godiya in ajiye. Abinci kuwa ban takura masa ba, yana cin zogalensa da wakensa, don ƙarfen da ke cikin abinci ba komai ba ne a kan na ledar jini. Bitamin C na kwalba ne kawai likita ya ce kada in ba shi sai da saninsa.

Ga wanda ɗansa ko ƙaninsa ya sha ƙarin jini da yawa kuma ba a taɓa auna masa feritin ba, ya tambayi likita a zuwa na gaba, ya kuma riƙa rubuta ranar kowane ƙari a littafi, domin asibiti ɗaya ba ya sanin abin da aka yi a wani. Idan an rubuta deferasiroks, a yi lissafin kuɗin gwaji da na mota tare da na ƙwayar tun kafin a fara, don sha a daina saboda aljihu ba ya sauke ƙarfe. A tambayi kuma ko musayar jini za ta yiwu, wato a cire na jikin a sa sabo, domin ta fi ƙarancin tara ƙarfe. Mu yanzu maganar haidiroksiyuriya muke yi da likitocinsa, maganin da aka yi bincike a kansa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Su za su duba ko ya dace da irin nasa yanayin. Kafin nan na roƙi mai kantin da muke saya ya nemo mana samfurin da ake haɗiyewa, ya ce zai tambaya in ya tashi yin oda.